MALCOLM X: Ɗan ƙwayar da ya zama Alhaji

Duk wanda ya kalli fim ɗin "Malcolm X" da darakta Spike Lee ya fitar a 1992 ba zai manta da farkonsa ba. Ga Denzel Washington nan cikin kwat mai faɗi da malafa, ya soya gashinsa da magani har ya kwanta, yana tafiya yana rangaji. Mai kallo ba zai taɓa kawowa a ransa cewa wannan gayen ne zai sa Harami ya yi ɗawafi kafin fim ɗin ya ƙare ba. Kuma labarin ba ƙirƙira ba ne, da gaske an yi mutumin.

An haifi Malcolm Little a garin Omaha na Amurka a 1925. Yana ɗan shekara shida aka tsinci mahaifinsa jina-jina a kan layin jirgin cikin gari, ba da jimawa ba ya rasu. Daga baya aka kai mahaifiyarsa asibitin masu taɓin hankali, aka rarraba 'ya'yan gida-gida. Da ya tasa sai ya koma Boston wurin yayarsa Ella, daga can ya zarce unguwar Harlem a New York, inda ake kiransa "Detroit Red". A can ya faɗa harkar caca da sayar da wiwi, ya koyi shaƙar hodar ibilis. Da shaye-shayen ya fi ƙarfin aljihunsa sai ya haɗa gungun ɓarayi masu fasa gidaje. Wani agogon sata da ya kai gyara shi ya tona masa asiri. A 1946, yana da shekara 20, alƙali ya yanke masa ɗaurin shekara 8 zuwa 10.

Kada mai karatu ya ɗauka gidan yari ne ya shirya shi. A farkon zamansa a kurkukun Charlestown, da ya rasa hoda sai ya koma shan garin gyaɗar ƙamshi da ake satowa daga kicin, don dai ya ji ya bugu. Saboda yawan saɓo da zage-zagensa fursunoni suka sa masa suna "Shaiɗan". Wani fursuna da ake kira Bimbi ne ya fara jan hankalinsa ga karatu. Sannan 'yan uwansa, waɗanda suka riga suka shiga ƙungiyar Nation of Islam, suka dame shi da wasiƙu. Ƙanensa Reginald ya rubuto masa cewa ya bar naman alade da taba, zai nuna masa hanyar fita. Gogan naka ya zaci wata dabarar yaudarar hukuma ce, shi ya sa ya bi. A 1948 Ella ta yi ta faɗi-tashi har aka mayar da shi kurkukun Norfolk mai babban ɗakin karatu. A nan ya ɗauki ƙamus ya riƙa kwafe shi da hannu, shafi bayan shafi.

A fim an haɗe duk waɗannan mutane cikin mutum guda, wani fursuna mai suna Baines. An gane dalili, fim ɗin ya riga ya haura awa uku, to amma an tauye haƙƙin dangi. Su ne ba su yar da shi ba lokacin da kowa ya cire rai, kuma da aka sako shi a 1952 gidan wansa Wilfred ya sauka a Detroit.

Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne yadda ƙungiyar take kwato 'yan ƙwaya, kamar yadda Malcolm ya bayyana a littafin tarihinsa da Alex Haley ya taya shi rubutawa. Ba malami ake turawa ba. Tsohon ɗan ƙwaya da ya daina shi ake tura wa abokansa na da, domin ya san yarensu, ya san ƙaryarsu, ba su isa su ce masa bai san zafin abin ba. Zai yi ta bibiyar mutum wata da watanni har ya amsa da bakinsa cewa ya kamu. Sai a fahimtar da shi abin da ya jefa shi ciki, a riƙa zuwa da shi cikin jama'a masu tsabta da ke kiransa ɗan uwa. Ranar da ya ce ya shirya, 'yan uwa za su zauna da shi dare da rana suna karɓa-karɓa, yana amai yana makyarkyata yana roƙon a ba shi ko kaɗan ne, har jikin ya saki. In ya warke, shi ma sai ya fita neman wani. Iyayen da ke ɗaure ɗa da mari ko su kore shi daga gida saboda kodin ko tiramol ya kamata su duba wannan tsari da kyau.

Sai dai fa aƙidar ƙungiyar a wancan lokaci ta saɓa wa Musuluncin da aka sani, har tana koyar da cewa Turawa shaiɗanu ne. Malcolm ya raba gari da shugabanta Elijah Muhammad a watan Maris na 1964. Wata guda bayan haka ya tafi aikin Hajji, kuma Ella ce dai ta ba shi kuɗin tafiya. Ganin fari da baƙi suna ci a kwano ɗaya ya sauya masa tunani, ya dawo da sunan El-Hajj Malik El-Shabazz. A wannan tafiya ya biyo ta Nijeriya, ya yi lacca a Jami'ar Ibadan, ɗalibai Musulmi suka raɗa masa suna "Omowale", wato ɗa ya dawo gida. Ran 21 ga Fabrairu, 1965 aka harbe shi yana kan dandamali a New York, a gaban matarsa Betty da 'ya'yansa. Yana da shekara 39.

Shi ma fim ɗin ya sha wuya. Kuɗi ya yanke ana tsakiyar tace shi, sai da irin su Oprah Winfrey da Michael Jordan da Magic Johnson suka kawo gudunmawa. Hotunan Makka kuwa na gaske ne, ma'aikata Musulmi aka tura suka ɗauko. Denzel ya shiga jerin 'yan takarar gwarzon jarumi a gasar Oscar, amma Al Pacino ne ya tafi da kyautar a 1993.