Kwanakin da Ba a Ganin Gaɓa

Daga Dogondutsi zuwa bakin teku tafiya ce ta sama da kilomita 1000. A shekarun 1950, wanda tafiyar Faransa ta kama daga ƙasar Arewa ta Nijar, soja ne ko ɗan lakwal ko ma'aikacin gwamnati, hanyar da ta fi masa kusa ita ce ta Doso da Gaya. Zai ƙetare kogin Isa zuwa Malanbil, a jirgin fito kafin a buɗe gadar 1958, ya bi mota har Paraku inda layin dogo ya tsaya tun shekarun 1930, sannan jirgin ƙasa ya sauke shi Kwatano.

A wancan lokaci babban jirgi ba ya iya matsowa gaɓar Kwatano, don sai 1965 aka buɗe tashar da muka sani yau. Wata doguwar gadar ƙarfe ce ta kutsa cikin teku, a ƙarshenta injin ɗaga kaya. Fasinjoji su zauna cikin wani babban kwando, inji ya ɗaga su sama, ya lilo da su, ya dire su cikin kwale-kwalen da igiyar ruwa ke ta jefawa sama da ƙasa. Idan aka isa gindin jirgi, wata ƙugiyar ta sake sure su. Mutumin da iyakar ruwan da ya sani shi ne tabkin damina da rijiyoyin Dallol Mawri, a cikin kwandon nan yake fara karanto duk addu'ar da ya haddace.

Ɗaya daga cikin jiragen wannan hanya shi ne Jean Mermoz, wanda aka ƙera a Saint-Nazaire ya fara aiki a 1957. Daga Marsai yake tasowa, ya biyo Dakar, Konakiri, Abijan, Lome, Kwatano, ya gangara har Duwala da Pointe-Noire, sannan ya juyo. Akwai kuma jiragen kamfanin Chargeurs Réunis masu zuwa Bordo. Daga Kwatano zuwa Faransa kusan mako biyu ne. Rabin farko duk tsaye-tsaye ne, yau a nan gobe a can, ana lodi ana sauke kaya, ma'aikatan ƙabilar Kuru da ake ɗebowa daga gaɓar Laberiya da Kodebuwa suna fama da buhuna. Bayan Dakar ne ƙasa take ɓacewa, a wayi gari babu bishiya, babu dutse, babu hayaƙin girkin kowa, sai ruwa da sama.

A waɗannan kwanaki jirgi yakan koma gari mai unguwanni, kuma unguwar da tikitinka ya ajiye ka ita ke yanke yadda za ka wuni. Can sama, a aji na ɗaya, kwamandojin mulkin mallaka ne da manyan 'yan kasuwa da iyalansu masu tafiya hutu. Da safe a kawo musu kofi da burodi. Hantsi ya yi, su miƙe ƙafa a kan dogayen kujeru suna karatu, wasu suna zagaya farfajiyar jirgi don motsa jini, wasu suna wasan tura faifan katako da sanda. Da tsakar rana hafsoshin jirgi su auna tsayin rana, a liƙa takarda mai nuna inda aka kai da nisan da aka ci tun jiya, mutane su yi cincirindo a gabanta, domin a wunin da babu abin da ke faruwa wannan shi ne babban labari. Abincin rana kala-kala ne, ana ɗauke wannan faranti ana ajiye wancan. Sai barcin rana, sai karta, sai a sake ado don abincin dare, a bi da kiɗa da rawa ko silima. Wanda kwamandan jirgi ya gayyata teburinsa, ranar ba ya taka ƙasa.

Ƙasa da su aji na biyu ne da na uku, inda ƙananan ma'aikata da 'yan lakwal suke cunkushe mutum huɗu ko shida a ɗaki. Can ciki kuma, kusa da rurin inji, manyan ɗakunan kwana ne masu gadaje hawa-hawa, na sojoji da masu tikitin talaka. Tsakanin wannan unguwa da waccan akwai ƙofa da sarƙa da allon gargaɗi. Na ƙasa yana jin kiɗan na sama da dare, amma ƙafarsa ba ta taka wurin. Yawancin 'yan Arewa da suka ƙetare teku a wancan zamani a nan ƙasa suka kwana, kuma ni labarinsu ya fi damuna.

Abu na farko da ke kama baƙon teku shi ne jiri. Daga Dakar zuwa arewa jirgi yana fuskantar iska ne kai tsaye, goshinsa ya tashi ya faɗa, ya tashi ya faɗa, dare da rana. Ƙato wanda ke wuni da hauya a gonar hatsi sai ka gan shi kwance, ko ƙamshin miya ba ya son ji. A irin wannan hali goro yake daraja. Wanda ya taho da ɗan ƙunshinsa cikin jiƙaƙƙen algarara yakan ɓantara wa na kusa da shi, ko da ba su jin harshen juna, wannan Babambare daga Segu, wancan Bamoshe daga Wagadugu. Bayan kwana biyu ko uku ciki yakan zauna, sai a fara hawowa shan iska, a jingina da ƙarfen gefe ana kallon kifaye masu fiffike suna tsalle a saman ruwa.

Sai batun abinci. Shinkafa, wake, burodi, naman gwangwani. Babu fura, babu tuwon hatsi. A teburin jiragen Faransa giya ba baƙuwa ba ce, naman alade ma haka, don haka Musulmi ba ya miƙa hannu sai ya tambaya, wani kuma ya haƙura da burodi da sukari. Ruwa ma abin lura ne. A jiragen sojoji ruwan daɗi na sha ne, wanka kuwa sau da yawa da ruwan gishiri, wanda sabulu ba ya kumfa a cikinsa, jiki ya bushe yana danƙo. Ba'are, wato ɗan ƙasar Arewa, ya san tsadar ruwa tun yana yaro, musamman ɗan ƙauyukan tudu inda igiyar guga take cin gaba da yawa kafin ta taɓa ruwa, saboda haka tattalin kofi ɗaya bai taɓa zame masa sabon darasi ba.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne salla. A gida, mutumin Matankari ko Kore Mairuwa ya san gabas ko idonsa a rufe. A jirgi alƙibla yawo take yi. Tsakanin Kwatano da Abijan, jirgi na fuskantar yamma, tana bayanka. Da an karya kwana an nufi Dakar, ta koma hannun dama. A Marsai kuwa ta karkata kudu maso gabas. Sai ka ga dattijo ya fito da asuba da butarsa, ya tsaya yana neman inda gari ke ja, ya shimfiɗa bargonsa a lungun da ba a bi, tsakanin tulin igiya da kwale-kwalen ceto. Ya ware ƙafafu don kada tangaɗi ya kayar da shi, ya kabbarta. Kafin ya kai ruku'u mutum uku sun jeru a bayansa. Fiƙihu ya sauƙaƙa musu: ruwan teku mai tsarki ne, ana alwala da shi, matafiyi yana ƙasaru, wanda tsayuwa ta gagara ya zauna. Babu ladan, babu liman na dindindin, duk da haka sahu bai mutu ba.

Sauran wuni hira ce da dara da karta da ɗinkin tufafin da suka yage. Wanda ya iya boko ya rubuta wa wasu wasiƙun da za a jefa a tasha ta gaba. Tsohon soja da ya taɓa zuwa yana ba sababbi labarin sanyin da ke jiransu. Wasu daga Marsai ma ba hutawa za su yi ba: a yaƙin Indoshin, 1946 zuwa 1954, wani jirgin ake sake loda su, irin su Pasteur, a bi ta Suwez a ƙara makonni a ruwa. Bayansa kuma yaƙin Aljeriya ya ci gaba da jan samari har 1962. Da yawa sun yi waɗannan kwanaki ba su san ko za su sake ganin dutsen garinsu ba.

Jirgin sama ne ya kashe wannan hanya. An kafa Air Afrique a 1961, Nijar tana cikin ƙasashen da suka kafa shi, tafiyar mako biyu ta koma ta sa'o'i. A 1970 aka sake wa Jean Mermoz fasali, aka fitar da gadajen sojoji, aka rage sunan ya zama Mermoz, ya koma jirgin yawon shaƙatawa na masu hali. Ya daɗe yana wannan aiki kafin a farfasa shi a Alang ta Indiya a 2008. Irin wannan yawo yanzu babbar sana'a ce. Akwai jiragen da ke zagaya duniya sama da kwana 100, da wuraren ninƙaya da gidajen abinci da laccoci don kashe wunin da babu tasha. Unguwar ƙasa dai tana nan, sai dai yanzu ma'aikata ne a cikinta, yawancinsu 'yan Filifin da Indonesiya da Indiya, masu yin watanni ba su ga iyalinsu ba.

Rayuwar aji na ɗaya ta samu masu adana ta, a hotuna da katunan gidan waya da takardun jerin abinci. Maƙwabtanmu na Najeriya ma suna da Tafiya Mabuɗin Ilmi, inda Abubakar Imam ya ba da labarin zuwansa Ingila a 1943. Labarin namu dattawa yawancinsa a baki ya tsaya, kuma wanda ya shiga kwandon Kwatano yana ɗan shekara 20 a 1958 yau ya haura 85. 'Yan lakwal na Dogondutsi da Tibiri da Gesheme, da ma'aikatan gidajen rediyon karkara, ku nemi tsofaffin sojojin da suka rage da matansu, ku zauna gabansu da wayoyinku ku naɗi muryarsu tun suna iya ba da labarin.