Magudi, Hukunci da Muryar Mace a Wasannin Intanet

Wasan intanet na taron jama'a shi ne wanda dubban mutane ke shiga lokaci guda daga ƙasashe daban-daban, su haɗu a duniyar da aka zana cikin babbar kwamfutar kamfani, wadda ake kira saba. A irin wanda ake ce wa wasan ɗaukar matsayi, kowa yakan ƙirƙiri jarumin da zai wakilce shi, ya zaɓa masa suna da kama da sana'a, ya yi ta renonsa watanni ko shekaru har ya tara ƙarfi da makamai da dukiya. Ultima Online ya fito a 1997, EverQuest a 1999, RuneScape a 2001, sai World of Warcraft na kamfanin Blizzard a 2004, wanda a 2010 ya kai masu biyan kuɗin wata miliyan 12. Akasarin waɗannan wasanni suna buƙatar kwamfutar tebur da tsayayyiyar wutar lantarki da katin banki mai biyan dala, shi ya sa ba su yi saiwa a Katsina ba. Abin da ya iso hannun samarin da ke zama a rumfunan cajin waya da teburan masu shayi a kewayen Ƙofar Kwaya ta waya ya zo: Free Fire na kamfanin Garena a 2017, PUBG Mobile a 2018, da Call of Duty Mobile a 2019. Waɗannan wasannin fafatawa ne da bindiga, inda ake sauke mutum 50 ko 100 a fili ɗaya har a ga wanda zai rage, amma sun gaji tsarin magabatansu kusan gaba ɗaya, wato asusun da ake reno, da matakin daraja, da ƙungiya, da kuɗin cikin wasa, tare da matsalolin da ke biye da su.

Magudi a nan yana da fuskoki da yawa. Akwai manhajar da ke saita bindiga da kanta ta yadda harsashi ba ya kuskure, akwai wadda ke nuna abokin gaba ta bayan bango, akwai kuma wadda ake kira bot, wato manhajar da ke buga wasan a madadin mutum dare da rana tana tara dukiya alhali mai asusun yana barci. Wani nau'in ba ya buƙatar manhaja ko kaɗan, domin mutum ne kawai zai biya gwani ya karɓi asusunsa ya hau masa mataki, daga baya ya dawo yana taƙama da darajar da ba guminsa ba.

Kuskure ne a ɗauki wannan a matsayin ƙiriniyar yara, domin sana'a ce mai jari. A watan Maris na 2021 'yan sandan birnin Kunshan na ƙasar Sin, da taimakon kamfanin Tencent, suka tarwatsa wata ƙungiya mai sayar da manhajojin magudi na wasannin waya, wadda aka ƙiyasta ta yi cinikin kusan dala miliyan 76, aka kuma ƙwace motocin alfarma daga hannun shugabanninta. A ɗaya ɓangaren kuma akwai talakan da yunwa ta tura, domin lokacin da kuɗin Benezuwela ya karye mutane da dama a can sun koma tara zinaren wasan Old School RuneScape suna sayar wa 'yan ƙasashe masu arziki, saboda zinaren wasan ya fi takardar kuɗin ƙasarsu riƙe daraja. Dokar wasa ta sa su duka a layi ɗaya, amma mai adalci ba zai auna su da mudu ɗaya ba.

A Katsina ƙofar da magudi ya fi shigowa ta ita ce tsadar kuɗin cikin wasa, wato UC a PUBG Mobile, da lu'ulu'u a Free Fire, da CP a Call of Duty Mobile, waɗanda da su ake sayen tufafin jarumi da adon bindiga. Da dala ake ƙayyade farashinsu, alhali a 2022 bankunan Najeriya sun rage abin da katin naira zai iya kashewa a waje zuwa dala 20 a wata, wasu ma suka dakatar gaba ɗaya, sannan bayan Babban Banki ya saki naira a Yunin 2023 dala ta tashi daga wajen naira 460 zuwa sama da 1,500 a farkon 2024. Kamfanoni irin su Carry1st na Afirka ta Kudu sun buɗe hanyar saye da naira, amma sauƙin biya bai rage tsada ba, ga kuma ƙarin kashi 50 cikin ɗari na kuɗin kira da data da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da shi a Janairun 2025. Saurayin da ke lissafin kuɗin data da na caji kafin ya shiga wasa shi ne ya fi saurin amincewa da wanda ya ce masa akwai gyararren kwafin wasan mai ba da lu'ulu'u kyauta, a tura masa ta Xender ko Telegram. Gaskiyar magana ita ce lissafin lu'ulu'u a sabar kamfani yake, ba a cikin waya ba, don haka kwafin ba zai iya ƙara ko ɗaya ba. Abin da yake iyawa shi ne kwashe kalmar sirrin Facebook ko Google da aka ɗaura asusun a kai, ko kuma jawo wa mai shi toshewar asusu, kuma kwaɗayi dai mabuɗin wahala ne.

Toshewar ita ce ta kai magana ga kamfanin da ke tafiyar da wasan. Sharuɗɗan da kowa ke danna amincewa da su ba tare da karantawa ba sun bayyana cewa mai wasa bai mallaki asusunsa ba, izinin amfani kawai aka ba shi, kuma ana iya janye izinin a kowane lokaci ba tare da mayar da ko kwabo ba. Matsayin kamfani ke nan kamar a ce mutum ɗaya ne sarkin kasuwa, shi ne mai rumfuna duka, shi ke buga kuɗin da ake ciniki da su, kuma a gabansa ake kai ƙara. Da wannan iko kamfanoni sun yaƙi magudi da gaske. Tun 2005 Blizzard ya sa wata manhaja mai suna Warden da ke leƙa abin da ke gudana a kwamfutar mai wasa, abin da ya tayar da muhawara kan sirrin mutane, kuma a 2017 wata kotu a Kalifoniya ta umarci kamfanin Bossland na Jamus, mai ƙera bot, ya biya Blizzard sama da dala miliyan 8. Koriya ta Kudu ta wuce nan, domin a can ƙera manhajar magudi ko rarraba ta laifi ne da kan kai mutum kurkuku.

Tarihin RuneScape ya fi kowane nuna yadda hukuncin kamfani kan faɗa wa mai gaskiya. A ƙarshen 2007 kamfanin Jagex na birnin Kambirij a Ingila, da masu sayar da zinare da katunan banki na sata suka ishe shi, ya sanar da hana musayar kayan da darajarsu ba ta yi daidai ba tsakanin 'yan wasa, ta yadda ko kyauta mai tsoka mutum ba zai iya yi wa abokinsa ba. Jama'a da yawa suka fice, kuma sai a Fabrairun 2011 aka dawo da tsohon tsari bayan ƙuri'ar da sama da mutum miliyan ɗaya suka kaɗa. Abin lura shi ne inda aka ƙare: a 2013 Jagex ya fara sayar da wata takarda da ake saye da kuɗin gaske a canza ta da zinaren wasa, Blizzard ma ya bi sahu a 2015. Cinikin da ake korar mutane a kansa ya halatta ke nan da zarar ribarsa ta koma asusun kamfani. Wani lokaci ma ɓarnar daga cikin gida take, kamar yadda aka gano a 2007 cewa wani ma'aikacin kamfanin CCP na ƙasar Aisland ya ba ƙungiyarsa kayayyaki masu daraja a wasan EVE Online. Fushin da ya biyo baya ne ya sa a 2008 kamfanin ya kafa majalisar wakilai da 'yan wasa ke zaɓa, wadda ake gayyata Rekyabik ta zauna da shugabanni, kuma har yau irin wannan tsari bai zama ruwan dare ba.

Mai wasa a Ƙofar Kwaya yana can nesa da duk wannan. Kamfanonin wasanninsa su ne Garena na Singafo, Tencent na Shenzhen da Activision na Amurka, kuma hanyar ƙorafi ɗaya ce, cike fom da Turanci a jira amsa, wadda sau da yawa rubutacciya ce tun kafin a karanta ƙorafin. Na'urar gano magudi ba ta san cewa waya ɗaya na iya zagaya hannun 'yan'uwa uku ba, ko cewa an saye ta ta hannu daga wanda ya riga ya yi laifi da ita, alhali wasu kamfanoni wayar kanta suke toshewa ba asusu kaɗai ba. Raunin sabis ma na da nasa sharrin, domin idan saƙo ya daɗe tsakanin waya da saba sai jarumi ya riƙa tsalle daga wuri zuwa wuri a idon abokan wasa, su kuwa su kai rahotonsa a matsayin mai magudi.

Zargin magudi yana da wani amfani da ba a cika faɗa ba, wato ƙin yarda cewa mace ta iya. A Yunin 2016 wata yarinya 'yar Koriya ta Kudu mai suna Kim Se-yeon, wadda aka fi sani da Geguri, tana ƙasa da shekara 18, ta yi bajinta a wata gasar wasan Overwatch na Blizzard har wasu ƙwararrun maza suka ce saitinta ya wuce na ɗan Adam, suka yi alwashin barin wasan idan ta tabbata mai gaskiya. Reshen Blizzard na Koriya ya wanke ta, amma duk da haka sai da ta zauna gaban kyamara ana kallon hannunta kai tsaye kafin ƙura ta lafa, kuma a 2018 ta zama mace ta farko a babbar gasar Overwatch League tare da ƙungiyar Shanghai Dragons. Bincike bai goyi bayan masu zargin ba. Nazarin da Cuihua Shen da abokan aikinta suka wallafa a 2016 kan EverQuest II da wani wasa na ƙasar Sin ya nuna cewa idan aka daidaita lokacin da aka kashe da irin jarumin da aka zaɓa, mata ba sa hawa mataki a hankali fiye da maza. Kafin nan, a 2013, Kuznekoff da Rose sun saka muryoyin da aka naɗa cikin wasan Halo 3 suna faɗin kalmomi iri ɗaya, muryar mace ta sha zagi kusan ninki uku na muryar namiji, kuma nazarin da ya biyo baya a 2015 ya gano cewa mazan da ba su iya wasan sosai ba su ne suka fi zafin baki ga mata.

A ƙasar Hausa shingen yana farawa tun kafin a kunna wasa. Gidan gem da gidan kallon ƙwallo da rumfar caji wuraren maza ne, a can ake koyon dabaru a kuma kafa ƙungiya, yarinya kuwa a ɗaki take wasanta, sau da yawa da wayar yayanta ko ta mahaifiyarta. Wasan ƙungiya ya dogara ga magana, domin da murya ake gargaɗin abokai inda maƙiyi yake, amma wadda ta buɗe makirfo tana iya fuskantar neman lambar waya, ko gorin cewa ta koma kicin, ko wa'azi daga wanda shi ma a cikin wasan yake. Mafitar da mata da yawa ke bi a duniya ita ce ɗaukar sunan namiji da rufe makirfo, wanda ke rage musu tasiri a ƙungiya, ya kuma ƙarfafa zaton cewa babu mata a wasan. Akwai kuma samarin da ke shiga da sunan mace domin a riƙa yi musu kyautar lu'ulu'u, yaudarar da ke sa a ƙara tuhumar macen gaske. A kudancin ƙasar lamarin ya ɗan motsa, tunda mace ce, Eniola Edun, ke jagorantar kamfanin Gamr na Legas mai shirya gasannin wasan bidiyo.

Kamfanonin da ake jiran su tsawatar su ma ba su tsira a gidajensu ba, domin Riot Games ya amince a 2021 zai biya dala miliyan 100 kan ƙarar nuna wa ma'aikata mata bambanci, Activision Blizzard kuma ya sasanta da hukumar jihar Kalifoniya a Disambar 2023 kan kusan dala miliyan 54. Bambancin himma a bayyane yake: magudi na korar masu kashe kuɗi, don haka ake farautarsa da manhaja da lauyoyi, cin mutunci kuwa an daɗe ana barin sa ga maɓallin kai rahoto, wato nauyin yana kan wadda aka zalunta. Sai a 2023 Activision ya fara amfani da ToxMod, manhajar da ke sauraron hirar murya a Call of Duty na kwamfuta da na'urorin wasa tana tsamo zagi, kuma da Turanci ta fara, aka ƙara Sifaniyanci da Fotugis daga baya. Tacewar da aka horar da waɗannan harsuna ba ta gane ashar na Hausa, balle habaici da zambo waɗanda ba su da kalmar batsa ko ɗaya, don haka a ƙungiyoyin da ake hira da Hausa shugaban ƙungiya ne kaɗai ke jin abin da aka faɗa, shi ne kuma ke da maɓallin korar wanda ya faɗa.