Amsoshin Takardunku: Yaron Da Ya Isa Ingila Shi Kaɗai, Wa Ke Riƙe Shi?

Tambaya: Takardarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani mai sauraronmu a Agadas, Jamhuriyar Nijar. Ya ce yana ganin yara matasa na wucewa ta garinsu za su Libiya, kuma ya ji ana cewa wai duk yaron da ya isa Ingila ba uwa ba uba, ba a korar sa, gwamnati ce ma ke ɗaukar nauyinsa. Shin gaskiya ne?

Amsa: To Malam, maganar da ka ji akwai gaskiya a cikinta, amma ba a gaya maka ƙarshenta ba.

Tushen abin dai shi ne yarjejeniyar kare haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta shekarar 1989, wadda ta ce duk wanda bai cika shekara 18 ba yaro ne, kuma yaron da ke neman mafaka ya cancanci kariya ta musamman. Birtaniya ta amince da ita a 1991, sai dai ta keɓe sha'anin shige da fice, ba ta janye wannan togaciya ba sai a 2008.

A Ingila, dokar yara ta 1989 ta ɗora riƙon irin wannan yaro a wuyan ƙaramar hukumar da aka same shi a yankinta. Ita za ta ba shi wurin kwana, ta sa shi makaranta, ta haɗa shi da likita da kuma ma'aikacin jin daɗin jama'a mai bin lamarinsa. Wanda bai kai 16 ba galibi akan damƙa shi ga wani iyali su riƙe shi ana biyan su, masu 16 da 17 kuwa sau da yawa gida ake haɗa su da 'yan'uwansu matasa. Da yake akasarin masu tsallako teku daga Faransa a kwale-kwalen roba a Doba ake sauke su, nauyin ya yi wa gundumar Kent yawa, shi ya sa a 2016 aka ɓullo da tsarin rarraba yaran ga sauran ƙananan hukumomi, aka kuma mai da shi tilas a ƙarshen 2021.

To amma kafin duk wannan sai an yarda cewa yaro ne, kuma a nan gizo ke saƙar. Da yawansu ba su da takardar haihuwa, wasu ma ba su san ranar da aka haife su ba, abin da ba zai ba kowa mamaki a ƙasashenmu ba. Idan jami'an shige da fice suka dube shi suka ga kamar ya zarce 18 sosai, sai su rubuta shi babba. Ke nan yaro ɗan shekara 16 da rana da wahalar hamada suka tsofar da fuskarsa yana iya kwana ɗaki ɗaya da manyan maza da bai sani ba, ba makaranta, ba mai kula. Wani hukuncin kotu na 2003, wanda ake kira hukuncin Merton, ya ce in akwai shakka kallon fuska kaɗai bai isa ba, sai ma'aikatan jin daɗin jama'a sun zauna da yaron sun bi tarihinsa, da tafinta in ana bukata. Wasu ƙasashe kamar Suwidin suna ɗaukar hoton haƙora da ƙashin gwiwa, amma likitocin yara na Birtaniya sun daɗe suna cewa ƙashi ba ya faɗin shekaru daidai. Gwamnati kuma tana da tata hujjar, cewa akwai manya da ke rage shekarunsu. Akwai su kam. Sai dai a ganinmu, kuskuren mai da yaro babba ya fi ɗayan muni.

Riƙon ma kansa ba kullum yake tafiya daidai ba. Daga watan Yuli na 2021 ma'aikatar cikin gida ta riƙa ajiye yaran a otal-otal saboda rashin wuri. A Janairun 2023 ƙaramin ministan shige da fice na lokacin, Robert Jenrick, ya shaida wa majalisar dokoki cewa cikin yara fiye da 4,600 da aka ajiye a otal, 200 sun ɓace ba a gan su ba, akasarinsu 'yan Albaniya. Ƙungiyoyin kare yara sun ce suna fargabar masu fataucin mutane ne suka kwashe wasunsu, don su biya bashin kuɗin tsallakarwa da aikin bauta. A Yulin 2023 babbar kotu ta ce mayar da otal wurin ajiye yara ya saɓa wa doka, aka rufe na ƙarshe a farkon 2024.

Yanzu ga ƙarshen maganar da ba a gaya maka ba. Ciyar da yaro daban, ba shi mafaka daban. Sai ya tabbatar, kamar yadda yarjejeniyar Janiba ta 1951 ta tanada, cewa ana tsananta masa a ƙasarsa saboda ƙabila, addini, asalin ƙasa, ra'ayin siyasa ko kasancewa cikin wani rukunin jama'a, ko kuma rayuwarsa na cikin babban haɗari in ya koma. Talauci, komai tsananinsa, ba ya cikin jerin. Shi ya sa yaran Sudan, Eritiriya da Afganistan suka fi dacewa. Wanda aka ƙi, in babu mai karɓar sa a gida, ƙa'idar da aka saka a 2013 ta ce a ba shi izinin zama na wata 30, ko har ya kai shekara 17 da rabi, duk wanda ya fara cika. Daga nan sai ya sake nema, in ba a ba shi ba, da ya cika 18 ana iya mayar da shi, ko da kuwa yana tsakiyar karatu. Wanda aka ba shi mafakar ma, dokar Birtaniya ba ta ba shi damar ɗauko iyayensa kai tsaye ba, saɓanin ƙasashen Tarayyar Turai da dokarsu ta 2003 ta yarda da hakan.

Abin ba sabo ba ne ga Ingila. Tsakanin 1938 da 1939 ta karɓi yara kusan 10,000, galibinsu Yahudawa, da suka guje wa mulkin Hitila ba tare da iyayensu ba. Ɗaya daga cikinsu, Alf Dubs, wanda ya zo daga birnin Farag yana ɗan shekara 6, shi ne a 2016, yana ɗan majalisar dattawa, ya nemi a ɗauko yara 3,000 daga sansanonin Turai. Gwamnati ta ɗauki 480, ta rufe shirin.

Da fatan mai tambayarmu na Agadas ya gamsu.