Daga Aikin Lauya zuwa Majalisar Dokoki



Lauya shi ne mai tsaya wa mutum gaban alƙali da dokar da wasu suka rubuta. Depite kuwa shi ne mai rubuta dokar. To, yaya mutum ke tashi daga wancan aiki ya kai ga wannan? Ga misali kusa da ku, ƙetaren iyakar Ƙwanni, a ƙasar Sakkwato.

An haifi Aminu Waziri Tambuwal a 1966. Makarantar horon malamai ya fara yi, a Dogon Daji, ya gama a 1984. Ni da na fito daga irin wannan makaranta, abin ya yi mini daɗi. Daga nan ya karanta shari'a a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ya zama lauya a 1992. Bai faɗa majalisa kai tsaye ba. A 1999 yaron aiki ne na Sanata Abdullahi Wali, yana duba masa takardun doka. Sai 2003 mutanen Kebbe da Tambuwal suka zaɓe shi. A 2011 ya zama shugaban Majalisar Wakilai ta Najeriya, alhali kuwa wata ce daban jam'iyyarsa ta PDP ta tsaida.

Yanzu ku kasa kunne da kyau. A watan Oktoba na 2014 ya bar PDP ya koma APC. Tsarin mulkin ƙasar ya ce ɗan majalisar da ya sauya jam'iyya ya rasa kujerarsa, sai dai in jam'iyyar ta rabu ko ta haɗe da wata. Kan wannan "sai dai in" aka yi ta gardama. Ƴan sanda suka janye masu tsaronsa. Ran 20 ga Nuwamba aka rufe ƙofar majalisa, aka harba barkonon tsohuwa, wasu wakilai suka haura shinge. Duk da haka ya riƙe kujerar har 2015, lokacin da ya zama gwamnan Sakkwato. A 2023 aka zaɓe shi sanata.

Yawan sauya jam'iyya dai, a ganina, bai kamata ba, don talaka da alamar jam'iyya yake gane inda zai dangwala. Amma ku dubi abin da kalmomi uku suka jawo. Takardar jinginar gona ko ta bashin taki ita ma tana da nata "sai dai in". A darasi mai zuwa kowa ya zo da irin takardar da ke ajiye a gidansa, mu karanta ta tare, layi bayan layi.