Ɗakin Da Ba Ya Amsa Kuwwa

Ranar 4 ga watan Mayu, 1982, a yaƙin tsibiran Falkland, makami mai linzami na Ajantina ya faɗa wa jirgin ruwan yaƙin Ingila mai suna Sheffield, mutum 20 suka hallaka. Cikin dalilan da aka gano har da cewa na'urar jirgin mai magana da tauraron ɗan'adam ta toshe kunnen wadda ke sauraren radar abokan gaba. Watau kayan gida guda ne suka yi wa juna katsalandan.

Don gudun irin wannan ne masana ke gwada na'urori a wani ɗaki na musamman tun kafin a fara aiki da su. Abu biyu ake bukata ga ɗakin. Na farko, kada igiyoyin rediyo na waje su shigo, saboda haka akan lulluɓe shi da ƙarfe, bisa dabarar da Michael Faraday ya nuna a 1836. Amma ƙarfen da ya tare na waje shi ne kuma ke mayar da na ciki, kamar yadda dutse ke mayar da murya, awo ya ɓaci. Ke nan bukata ta biyu ita ce a kashe wannan amsa-kuwwa.

Maganinta soso ne da aka jiƙa da sinadarin kabon, aka yanka shi tsini-tsini da siffar dala, aka jera a bango da rufi. Igiya in ta shiga tsakanin tsinayen sai ta yi ta karo da su, ƙarfinta yana komawa zafi, har ta mutu. Sai dai gwargwadon tsawon zango, gwargwadon tsawon soso. Zango mai mita 10 yana neman soson da ya zarce tsayin mutum. Shi ya sa akan haɗa da tayil na ferayit, wanda kaurinsa bai kai santimita ɗaya ba. Har ila yau dole a yi hattara da gobara, domin soson yana iya kamawa da wuta in zafi ya yi yawa.

Mai son ganin ƙasaitar wannan aiki sai ya dubi ɗakin Benefield da ke sansanin mayaƙan sama na Edwards a Amurka, wanda aka kammala a 1989. Tsawonsa ƙafa 264, faɗinsa 250, tsayinsa 70, da tsinayen soso 816,000. Jirgin yaƙi sukutum ake shigarwa ciki, a auna kayansa yana ƙasa, tun kuskure bai ci rai ba.