Ɓawon fara ya girmi farar kanta

Duk wanda ya taɓa cin soyayyar fara da yaji ya san garas-garas ɗin da take yi a baki. Wannan ɓawon an yi shi ne da wani sinadari mai suna kaitin, shi ne kuma a jikin kunama da kyankyaso da ƙaguwa. Sai dai da aka fara gano shi a 1811, ba a jikin ƙwaro ba ne. A naman kaza wani Bafaranshe, Henri Braconnot, ya same shi.

To me ya haɗa naman kaza da fara?

Mu koma zamanin da babu ƙwaro ko ɗaya a duniya, sai ƙananan ƙwayoyin halitta a cikin ruwa. Matsalarsu ita ce ruwa yana ratsa fatarsu, su yi ta kumbura har su fashe. Wasu sai suka kewaye kansu da bango. Tsirrai sun gina nasu da selulos, irin zaren da ke cikin auduga. Dangin naman kaza da fumfuna kuwa kaitin suka sa a nasu. A 2019 masana suka bayyana burbushin wata halitta, Ourasphaira giraldae, daga arewacin Kanada, mai shekaru tsakanin miliyan 900 da biliyan 1, da alamun kaitin a bangonta.

Amma bango yana da tsada. Ƙwayar da ta kulle kanta ba ta iya haɗiye abinci. Shi ya sa fumfuna take zuba ruwan narkarwa a kan burodi, ta narkar da shi a waje, sannan ta tsotse. Ƙwayoyin dabbobi ba su da bango, don haka suna motsi, suna haɗiya. Ƙwari sun riƙe dabarar yin kaitin, sai dai sulke suka yi da shi. Idan malami ya tambaye ku, ku ce naman kaza ya fi kusa da dabbobi a dangantaka fiye da gero. Ba kuskure ba ne.

Akwai inda abin ya shafe mu kai tsaye. Amibar da ke jawo atini takan naɗe kanta cikin bango mai kaitin, ta zauna cikin gurɓataccen ruwa har makonni, kuma ruwan cikinmu mai tsami ba ya kashe ta. Tafasa ruwan sha yana kashe ta.