Inda Ake Yada Zango a Duwatsun Abzin

Kwanakin baya muna zaune a ƙofar masallaci a nan Kambarawa bayan La'asar, sai wani ƙanena ya miƙo min wayarsa in kalli wani bidiyo. Wasu Turawa ne su huɗu, kowa da ƙatuwar jaka goye a baya, suna ratsa wani kwazazzabo mai jajayen duwatsu, ba gida gaba ba gida baya. Da dare ya yi suka shimfiɗa a kan yashi suka kwana. Ya ce, "Yaya, dubi wahalar da masu kuɗi ke saye da kuɗinsu." Na yi dariya, amma ba ta kai ciki ba, domin shi kansa mai maganar wata biyu ke nan yana tara kuɗin motar Agadas, wai zai bi abokansa haƙar zinariya. Na tambaye shi ruwa lita nawa mutum ke bukata a yini idan mota ta mutu aka koma tafiyar ƙasa. Ya ce ai direba ya san komai.

Waɗancan Turawan da yake yi wa dariya ba da ka suke shiga ba. A kudancin Namibiya akwai kwazazzabon kogin Fish, tafiyar kimanin kilomita 85 da ake yi a ƙafa cikin kwana huɗu ko biyar. Hukuma ba ta buɗe hanyar sai daga watan Mayu zuwa tsakiyar Satumba, lokacin sanyinsu, ba ta barin ƙasa da mutum uku su shiga, kuma kowa sai ya kawo takardar likita. Mu kuwa irin wannan ƙasa tana nan arewa da mu. Duwatsun Abzin ne, bayan Agadas, inda ƙololuwar Bagzan ta haura mita 2,000, inda garin Timiya ke kwance cikin kwari da lambunan lemo da rumman. UNESCO ta sa yankin Abzin da Tenere cikin kayan gadon duniya a 1991. Masu yawon buɗe ido sun yi ta zuwa suna taka waɗannan kwaruruka da ƙafa, har tawayen 2007 da sace ma'aikatan yuraniyom a Arlit a 2010 suka tsinke harkar. Yanzu masu bin hanyar galibi namu ne: 'yan zinariya, 'yan ci-rani, masu neman tsallakawa Aljeriya da Libiya.

Akwai wani baƙo da ya taɓa sauka a birnin nan namu na Katsina wanda labarinsa ya ishi mai hankali. Bajamushe ne, Heinrich Barth, da ya laƙaba wa kansa Abdulkarim. A watan Yulin 1850, kusa da garin Gat, ya ce sai ya hau dutsen Idinen. Buzaye suka ce gidan aljanu ne, ba mai raka shi. Ya tafi shi kaɗai da 'yar salkar ruwa da dabino da busasshen biskit. Ya kai sama, ruwan ya ƙare, ya ɓace a hanyar dawowa. Ya kwana a fili, washegari ƙishirwa ta kai shi ga tsotsar jinin jikinsa, har wani Buzu ya bi sawunsa ya tsince shi rai a hannun Allah. Ba a cika wata biyu ba, ayarinsu ya yi zango cikin wani busasshen kwari a arewacin Abzin, ruwa ya sauko daga duwatsu ya mai da kwarin kogi mai tumɓuke itatuwa, sai da suka kwashe kaya suka haye tudu. Mutum ɗaya, damina ɗaya: ƙishirwa ta kusa kashe shi, ambaliya ta kusa tafiya da shi. Ya iso Katsina a watan Janairun 1851 zamanin Sarki Muhammadu Bello, bayan ya biyo ayarin gishiri daga Abzin.

Mu fara da ƙishirwa, tun da ita kowa ya sani. Lissafinta ba wuya, shi ya sa ake raina shi. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce a baya. Mai tafiya a ƙafa yana bukatar aƙalla lita huɗu a yini ta sha kawai, wannan ma a lokacin sanyi. Da bazara kuwa zufa kaɗai na iya ɗauke lita guda cikin awa ɗaya. Tafiyar kwana uku ke nan kilo 12 na ruwa, ba a sa guzuri ba, ba a sa bargo ba. Ayarin gishiri kan miƙa tun safe har dare ya raba domin raƙumi ne ke ɗauke da salka. Wanda jakarsa ke kafaɗarsa ba shi da wannan gata. Nasa shi ne ya tashi da asuba, ya nemi inuwar dutse kafin rana ta take, ya lafe har La'asar ta yi sanyi. Kuma ruwan sha aka zo da shi, ba ajiya ba. An sha tsintar gawa da sauran ruwa a gora, saboda mai shi ya yi ta tsimi har hankalinsa ya gushe. Jiki na ba da labari tun da wuri: fitsari ya koma kalar shayi, kai ya yi nauyi, magana ta soma ruɗewa. Idan rabin ruwanka ya ƙare ba ka kai rijiyar da kake nufi ba, juyawa ita ce jarumta.

Ruwa zalla ma bai wadatar ba, domin zufa da gishiri take fita. Nan ne na ga hikimar tukuɗi, wato gero da cuku da dabino a dama da ruwa: ga ƙoshi, ga zaƙi, ga ɗan gishiri, ba sai an hura wuta ba. Kilishi da dakuwa ma suna wannan aiki. In abin ya kai ga jiri, haɗin nan da ake yi wa yara masu gudawa shi ne magani: ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri, cikin lita ɗaya. Akwai tafkuna cikin dutse da kan riƙe ruwan damina watanni, irin na kusa da Timiya, kuma ana tonon ruwa a yashin ƙorama kamar yadda ake yi a rafukanmu da rani. Amma tafkin da aka sha bara na iya ƙafewa bana, wanda aka samu kuma dabbobi sun riga ka, sai an tafasa.

Ɗayan hatsarin shi ne wanda na fi so a ji, domin kunne ba ya saurin yarda da shi. A hamada ruwa na cin mutane. Wurin da ya fi daɗin kwana a kwazazzabo shi ne tsakiyar busasshiyar ƙorama, wadda mutanen Nijar ke kira kori: yashi mai laushi, ba duwatsu, ba iska, ga inuwar itace. Shi ne kuma wurin da bai kamata a kwana ba. Dutse ba ya shan ruwa. Idan hadari ya zuba a kan tsaunuka, duk abin da ya sauka gangarowa yake lokaci guda, ya tattaru a mashigi ɗaya, ya taho da laka da gungume da duwatsu. Kai kuwa kana ƙasa kana kallon taurari, ko ɗigo bai taɓa ka ba. A ranar 12 ga Agusta 1997, a kwazazzabon Antelope da ke jihar Arizona ta Amurka, mutum 11 masu yawon buɗe ido suka mutu haka, alhali ruwan can sama da su ya sauka, kilomitoci nesa. A watan Satumba 2009 ƙoramar Telwa ta fasa madatsa ta shiga Agadas ta rushe gidaje. Mu ma ba baƙi ba ne a wannan: ambaliyar Jibiya ta watan Yulin 2018, da ta ci fiye da mutum 40, cikin dare ta zo.

Ƙorama kan bar shaida. Ɗaga kai ka dubi rassan itatuwan da ke bakinta. Inda ka ga tarkacen ciyawa da ƙirare sun maƙale, har nan ruwa ya taɓa kaiwa, wani lokaci sama da tsayin mutum. Zango sai a haye wannan alama, a kan tudun da in an ji rugugi kamar na manyan motoci ana iya ƙara hawa a cikin duhu. Ruwan ba a tsere masa ta bin tsawon kwari, gefe ake hawa, kaya kuma a bar su.

Sauran abubuwan dare ƙanana ne amma suna hana barci. A Disamba da Janairu sanyin Abzin kan kusa daskarar da ruwa, kuma iska mai sanyi gindin kwari take taruwa, wani dalilin ke nan na hawa sama. A kakkaɓe takalmi da safe saboda kunama, kada a zura hannu ƙarƙashin dutse saboda kububuwa. Ba a kwana a bakin rijiya ko tafki, domin dabbobin makiyaya da na dawa nan suke zuwa, kuma ruwan na masu wurin ne.

Kakanninmu fatake ba su taɓa shiga irin wannan tafiya ba madugu ba jagaba, kuma a ganina wannan ne babban abin da muka yar. Har yau bayan damina ayarin Abzinawa kan ratsa Tenere zuwa Fashi da Bilma, su kai gero su ɗauko kantun gishiri da dabino. Suna ɗaure ciyawar raƙuma dami-dami, suna ajiye wasu a hanya domin dawowa, wato tun ba a isa ba an yi lissafin komowa. Madugu ya san rijiya, ya san taurari, ya san launin yashi. Itacen nan guda ɗaya tilo na Tenere da ayari ke saiti da shi, wani direba ya banke shi a 1973, gangar jikinsa na gidan tarihi na Yamai, amma ayari bai daina isa Bilma ba, don sanin hanya a kan mutane yake. Waya na nuna taswira, gaskiya ne, sai dai batir na mutuwa, sabis kuma ba ya shiga kwazazzabo. Shi ya sa direbobin hamada ke riƙe wayar tauraron ɗan'adam ta Thuraya.

A watan Oktoba 2013, arewa da Arlit a kan hanyar Tamanrasset, motoci biyu suka lalace. Aka tsinci gawa 92, cikinsu yara 52 da mata 33, yawancinsu daga yankin Kance na jihar Damagaram. Hausawa ne 'yan'uwanmu, masu neman abin sawa a baki. Tafiyar ta ɓoye ce, ta kauce wa babbar hanya, don haka an yi kwanaki kafin a fita nemansu. Duk mai shiga hamada, da mota ko da ƙafa, ya bar wa wani a gida sunan hanyar da zai bi da ranar da in ba a ji shi ba a ɗaga murya.

Na faɗa wa ƙanen nawa duk wannan, ya yi shiru yana juya waya a hannu. Bai ce ya fasa ba, ni ma ban ce ya fasa ba. Da muka tashi sallar Magariba sai ya tare ni a bakin alwala ya ce, "Yaya, jarka mai lita 25 nawa take yanzu a Babbar Kasuwa?"